Matar da Ta Ba da Baya a Hoto

Da hantsi ina dama fura a ƙofar ɗaki. Ɗana Habu ya kora shanu rafi, ya ce in ajiye masa tasa.

Ƙarar babura na fara ji. Na ɗauka 'yan cin kasuwa ne. Sai harbi.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

Ban kwanta ba. Na faɗa gonar dawa. Kafin in shige na waiwaya, na ga mai nuna wa maharan gidaje da sanda. Dillalin shanu ne, ya sha fura a gidanmu. Shi ma ya gan ni.

Azahar ta same mu a daji, mata da yara, ba takalmi. Da la'asar wata motar gawayi ta kwashe mu zuwa Gwaram. Aka sauke mu a makarantar firamare. Habu ba ya cikinmu.

Muna nan sai ga wata budurwa da kyamara. Ta ɗauki mai surfe, ta ɗauki mai wanki, ta ɗauki layin famfo. Wai don a ga yadda muke rayuwa. Wa zai gani? Dillalin nan ma da fara'a ya shigo mana. In ta ɗaga kyamara sai in ja mayafi in juya baya. Ta yi ta lallashi: "Inna, ko ɗaya." Na ƙi juyowa. Har yau ban gama yarda da ita ba.

Ashe tana wanke hotunanmu ta liƙa a bangon sansanin Birnin Kudu, na can kuma ta kawo mana. Ran da ta liƙa nasu, na je ne in duba ko dillalin ya saje da su.

Habu na gani. Yana tsaye, hannunsa ɗaure da bandeji, yana duba bango.

Na riƙe hannun yarinyar. Ta ce ya bi hotunan Gwaram ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan wata mata da ta ba da baya. Daga baya ya ce ba ita ba ce, uwarsa ba ta da irin wannan mayafin. Gaskiyarsa. Na sadaka ne, a sansani aka ba ni. Washegari ya koma ƙauye nemana.

Mazan da suka je kwaso gero su suka tarar da gawarsa, suka binne shi a bayan gidanmu.

Shanu sun tafi, rumbu ya ƙone, ban cika tuna su ba. Hoton Habu yana wurina. Ba ni yake kallo ba, bango yake kallo.