Na Karkatar Da Jirgin Ceto Don A Gan Ni A Gwandu

Edita, a shekarun da ake ta shirin karɓar mulkin kai, ni saurayi ne ɗan Gwandu, makanike, ina aiki a ƙarƙashin wani Bature likitan dabbobi da ke zagaya ƙasarmu. Yana da wani ɗan ƙaramin jirgin sama na kansa mai kujera biyu, yana ajiye shi a wani fili da aka share a bayan Kalgo. Tuƙin jirgi ba aikinsa ba ne, sha'awa ce kawai, amma duk sa'ad da wani ya ɓace a daji ko ruwa ya tare mutane, yakan tashi da raɗin kansa ya je nema. Ni ke duba masa inji, ni ne tafintansa, ni ke leƙen ƙasa ta taga idan muna nema. Da ya ga ina so, sai ya riƙa sakar mini tuƙin idan mun yi sama, har hannuna ya faɗa. Daga nan kaina ya kumbura.

Abin da ke ci mini rai shi ne a gida ba a yarda ba. In na ba abokaina labari sai su yi ta dariya, su ce iyakacina wanke taya. Har kawuna ya taɓa jan kunnena cewa in rage ƙarya. Na rantse musu wata ranar kasuwa za su gan ni bisa kansu.

Wata damina ruwa ya cika fadamar Kalgo da wuri. Da hantsi sai ga wani dattijo Bafulatani daga wata ruga kusa da Malisa, ƙafafunsa duk laka. Ya ce 'ya'yansa biyu sun makara wajen fito da shanu, ruwa ya kewaye su. 'Yan uwansu da suka tsira sun bar su a kan wani tudu mai giginya can yamma, ƙaramin kuma yana fama da zazzaɓi. Masunta sun shiga da kwalekwale, amma ciyawa ta rufe ko'ina, ba sa ganin gabansu. Abin da ake so mu gano wurin, mu yi ta kewaya a samansa har masunta su bi mu.

Ranar kuwa kasuwar garinmu ke ci. Baturen bai jin Hausa sosai, balle Fulatanci. Na fassara masa maganar dattijon duka, sa'an nan na ƙara da abin da bai faɗa ba. Na ce tsohon yana zaton wataƙila sun fita, sun kama burtali sun nufi gida ta wajen Gwandu, gara mu fara duba can. Baturen ya tambaye ni ko na tabbata, domin man da ya rage mana ba shi da yawa, sai gobe motar mai za ta zo. Na ce na tabbata. A raina ina cewa ai ɗan lokaci ne, mu leƙa mu dawo. Dattijon yana tsaye yana kallon bakina, yana gyaɗa kai, ya ɗauka saƙonsa nake isarwa.

Muka yi gabas. Da muka kusa gari na roƙa ya ba ni tuƙin. Na yi ƙasa ƙasa, na ratsa ta saman kasuwa, na kewayo na sake ratsawa. Jakuna suka watse, mata suka bar ƙorensu suka gudu, ni kuwa na fito da hannu ina ɗaga hula ina dariya. Sai na ji an fizge tuƙin daga hannuna. Baturen ne, ya juya jirgin. Kafin mu kai bakin fadama hadari ya haɗo daga gabas, mai kuma ya yi ƙasa, dole muka sauka. Da ya kashe inji sai ya ce da 'yar Hausarsa, "Malam, tsoho bai ce Gwandu ba." Na kasa ɗaga kai.

Washegari da sassafe motar mai ta iso, muka tashi. Ba mu sha wata wahala ba, ga tudun, ga giginyar, daidai inda dattijon ya kwatanta. Na hangi shanu a cunkushe, na hangi mutum ɗaya yana kaɗa riga, ɗayan yana kwance an lulluɓe shi da bargo har kansa. Muka yi ta kewayawa har kwalekwale suka isa. Ƙaramin ya cika tun da asuba, bayan ruwan sama ya kwana yana dukansa. Wan ya ce jiya sun ji kukan jirgi daga nesa, ƙanen har ya yunƙura ya zauna, yana cewa ga su nan sun zo, sai ƙarar ta yi ta nisa har ta ɓace.

Allah ne ya san ko da mun je a ranar zai rayu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani, amma wannan bai taɓa sanyaya mini rai ba. Abin da ya fi kashe ni shi ne bayan jana'iza dattijon ya neme ni, ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu, ya ce, "Ɗana, kun yi iyakar ƙoƙarinku. Ba don kai ba da duka biyun zan rasa. Allah shi yi maka albarka." Na ce amin, Baffa. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Baturen bai tona ni ba, bai kuma kore ni ba, amma ban sake shiga jirgin nan ba. A Gwandu kuwa na zama abin nuni, ana cewa ga wanda ya tuƙa jirgi, kawuna har ya ba ni haƙuri. Duk yabon da aka yi mini sai in ji kamar ana zuba mini garwashi. Na sha yin niyyar zuwa rugar in faɗi gaskiya, ina ɗagawa, har na ji dattijon ya rasu.

Yanzu na tsufa, ina neman gafarar Allah, amma wanda ya kamata in roƙa ya tafi yana sa mini albarka. Ina kira ga duk wanda aka damƙa wa neman wani ko ceton wani, direba ne, ma'aikacin asibiti ne, ko tafinta tsakanin mai kuka da mai taimako: ka isar da magana yadda aka ba ka, ka ajiye son a gan ka sai an gama. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka je ka faɗa tun mai haƙƙin yana da rai.