Rumbun da Ba a Gina Ba

Sana'ata doya ce. Da tire a ka na fara, a bakin tasha, yau kuma ina da rumbu uku: ɗaya a unguwar Choggu, ɗaya a unguwar Nyohini, ɗaya a bayan gidana a Kalpohin. Ina saye a ƙauyuka lokacin da take banza, in ajiye, in ta yi daraja in loda a babbar mota a kai Kumasi. Duk wayon sana'ar yana wajen sanin ranar lodi. Wanda ya yi gaggawa zai sayar da araha, wanda ya daɗe kuma zafin bazara zai dafa masa ita a rumbu.

Shekarar da nake ba da labari, duk abin da na mallaka na zuba shi a doya. Direban da na saba da shi kuwa ba ya zuwa sau uku. Rana ɗaya yake so, ya zaga rumbunan, ya cika mota, ya kama hanya. Yayana, wanda ke kula da rumbun Nyohini, ya ce a jira. Mijin ƙanwata, mai riƙe da na Choggu, ya ce a kwashe tun jiya. Kowa da gaskiyarsa, domin rumbun Yaya yana ƙarƙashin bishiyar mangwaro, na Choggu kuma rufin kwano ne a fili.

Kowace Juma'a sukan gaya mini guda nawa suka ruɓe a cikin ƙwarya, wato doya ɗari, ni kuma in zuba a kwamfuta. Maƙwabciyata ce ta koya mini, wata malamar lissafi 'yar kudu, Kirista, da kowa ke kira Madam. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ita ta nuna mini shafin nan mai gida-gida, da yadda ake mayar da lambobi zane: makonnin ajiya a kwance, ruɓa a tsaye, kowane rumbu da launin ɗigonsa. Choggu ja, Nyohini kore, nawa shuɗi.

Akwai wani layi da ake sa kwamfuta ta ja a tsakiyar ɗigogin, ya nuna inda abin ya dosa. Shi nake so. Na danna ja, ta ja layi. Na danna kore, ta ja wani. Na ƙare da layi uku, ɗaya ya miƙe sama kamar mai hawa tsani, ɗaya yana kwance yana hutawa, nawa yana tsakiya. Gardamar Yaya da surukina ce dai ta dawo mini da launi.

Na ɗauki kwamfutar na tsallaka gidan Madam da la'asar. Na same ta tana dakan fufu a tsakar gida.

"Madam, layi ɗaya nake so. Mota ɗaya ce."

Ta goge hannu ta leƙa. "Hajiya, wannan abu ba ya yi haka. Kowane rumbu, layi nasa. Sai kai gina rumbu na huɗu."

"Da wane kwano? Kin san yadda siminti yake kuwa?"

Ta yi dariya har ta jingina da turmi. "A ciki nan, Hajiya. Ba kafinta."

Na ce to in haɗa lambobin ukun in raba uku mana. Ta ce a'a, ba mako ɗaya aka cika rumbunan ba, wani ya fi wani yawan ɗigo, in na raba zan ɓata. Ta sa na kwafi na Choggu na ajiye a gefe, na kwafi na Nyohini na jera a ƙarƙashinsa, sannan nawa a ƙarƙashin wannan, makonni a jeri ɗaya, ruɓa a jeri na kusa. Dogon jeri ya fito mai ɗauke da kowa. Muka shigar da shi cikin zanen a matsayin sabon rumbu. Nan take baƙaƙen ɗigogi suka hau kan ja da kore da shuɗi suka rufe su.

"Kin ɓata mini zane," na ce.

"Yi haƙuri kaɗan. Sa masa layi tukuna."

Na danna baƙin ɗigo, layi ya fito guda ɗaya, ya ratsa tsakiyar kowa. Sai ta nuna mini inda ake cire wa ɗigo launi gaba ɗaya. Baƙaƙen suka ɓace, launukana suka dawo, layin ya tsaya shi kaɗai. Na goge tsofaffin ukun da hannuna, na ji daɗin gogewar kuwa. Muka ƙara wa sabon layin tsawo gaba, ya shiga makonnin da ba mu kai ba. Ni na san iyakar ruɓar da tashin farashi zai iya rufewa, wannan ba sai kwamfuta ta gaya mini ba. Na ɗora yatsa a wurin, na ga layin zai iso yatsana ba da daɗewa ba.

Washegari na kira su biyun gidana, na kawo koko da ƙosai, na juya musu kwamfutar. Yaya bai dubi layin ba ma. Idonsa ya faɗa kan rubutun gefe, inda na mance ban canza sunan ba.

"Rumbu na huɗu? Yaushe kika gina? Wa kika ba ya riƙe?"

"Yaya, babu shi."

"Ga shi a rubuce kina cewa babu."

Surukina ya kurɓi koko ya ce, "Ni dai in akwai inuwa a can, a mayar da ni."

Na yi bayani har kokona ya huce. Da Yaya ya gane cewa doyarsa ma tana cikin rumbun, sai ya canza ƙara. Ya ce an haɗa lafiyayyiyar doyarsa da marasa lafiyar Choggu an yi musu hukunci ɗaya. Na ce haka ne, a mota ma haɗa su za a yi. A gabansu na buga wa direba waya na ba shi rana.

Ranar lodi, da aka ɗaga tulin Choggu, na ƙasa sun fara laushi, muka ware su kafin su shafi sauran. Na Nyohini kuwa tauri kamar dutse, Yaya yana ɗaga kowace yana nuna mini kafin ya miƙa wa 'yan lodi. Da na gaji na ce ya riƙe 'yan ƙwarya a inuwarsa, nasa ne, ya sayar ranar da ya ga dama.

Ya riƙe su har farashi ya ƙara tashi, ya sayar da tsada, kuma har yau ba a yin suna ko biki a danginmu bai ba da labarin ba. Ina barinsa ya ba da shi. Motata dai ta sauke a Kumasi da doya mai kyau, matan da ke saye a hannuna ba su mayar mini da ko guda ba, kuma da kaka ta zagayo na cika rumbunan uku.