Namijin Waya

Duk Yankara an san Malam Barau da kwamfutarsa, irin ta da ɗin nan mai maɓallan haruffa, wadda ake jona wa talabijin. Tun yana tuƙin mota ya sayo ta a Funtuwa. A kanta matarsa Mero ta koyi rubuta sunanta, tana danna harafi ɗaya-ɗaya da yatsa, shi kuma yana yi mata tsiya.

Mero ta rasu bara. Ba a daɗe ba tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ta mutu. Ɗansu Mas'ud ya aiko da sabuwa daga Kaduna, shafaffiya kamar allo, wai ta riƙa ɗebe masa kewa. Barau ya lalube bayanta kaf, bai ga ramin da wayar kwamfutar za ta shiga ba. Shi kuwa labarai ba su dame shi ba, so yake ya danna haruffa huɗun nan ya gan su a gilashi.

Ranar kasuwa ya kai wayar wurin Jabiru mai kayan lantarki. Jabiru ya duba kanta, ya zazzage kwalinsa, ya girgiza kai.

"Baba, wanga kan namiji ne. Macen da ke karɓar shi kuwa an daina yin irinta."

Barau ya karɓi wayarsa, ya naɗe ta a hankali, ya sa a aljihu.

"Na riga ka sani," ya ce.