Mamurɗa Huɗu a Jitar Ilaitia

Shekara goma sha bakwai ina buga ganga a bayan Ilaitia, a wani otal na bakin teku kusa da garin Sigatoka. Shi ke riƙe da jitar bes, mai kaurin muryar nan. Kullum da la'asar waƙoƙi goma sha biyu ne, ba ƙari ba ragi. Baƙi na cin kifi da ruwan kwakwa, mu muna washe baki cikin riga mai furanni.

Ba shi da halin barin aikin. Kawunsa ne ya kai wa masu otal saiwar yaqona, wadda ake miƙawa a al'adarmu idan za a yi babban roƙo, ya roƙa masa gurbin, kuma a ƙauyenmu abin da aka roƙa da yaqona ba a mayar da shi. Sau biyu makaɗan birnin Suva suna nemansa, sau biyu yana ba su haƙuri.

Da ya rasa mafita, sai ya shige cikin jitar. Ya kwance murfin bayanta, ya cire ɗan allon gyaran sautin da ta zo da shi, ya haɗa nasa da dalma. Mamurɗan daidaita sauti biyu suka zama huɗu: na kauri, na kaifi, na tsakiya, da wani da shi kaɗai ya san aikinsa. Shekara shida yana cire wannan yana liƙa wancan, yana kasa kunne. Na sha zolayarsa, amma raina yakan ce da babu gara ba daɗi.

Ranar da ya ce ya gama, kafin baƙi su zo, ya miƙo min jitar in riƙa taɓa waya ɗaya, shi ya tafi tsakiyar tebura ya saurara. Na taɓa, na sake taɓawa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya nufi Manasa, taubashinsa mai kula da lasifika.

"Kai ɓarawon rogo, ina muryata?"

Manasa bai rama ba. Ya ce manaja ne ya koka wai bes na sa kofuna rawa, shi ya sa ya cire shi daga manyan lasifikoki, ya bar wa Ilaitia ƙaramar da ke gaban ƙafarsa.

"Tun yaushe?"

"Shekara takwas. Na ga kana jin daɗinka, sai na kasa faɗa."

Baƙi suka fara zama. Ilaitia ya karɓi jitarsa ya rataya, ya daidaita mamurɗan ɗaya bayan ɗaya, ya waiwayo ya ce in ƙirga mana mu fara kiɗa. Na ɗaga sandunan ganga na ƙirga.