Ranar da Na Tsallake Bayos ɗin Oga Nasiru

Jama'a, abin da zan faɗa muku wallahi a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Agege, kusa da layin dogo, inda in jirgi ya wuce sai sukurori sun yi rawa a kan tebur.

Wanda ya koya mini aikin maƙwabcina ne, Oga Nasiru, haifaffen Legas, Hausarsa da Yarabancinsa duk ɗaya. Shi ya fahimtar da ni abin da yawancin masu gyara ba su damu da shi ba. A cikin kwamfuta akwai kenel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da komai, amma duk isarsa, akwai abubuwan furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, da ba ya taɓawa da hannunsa, kamar iyakar zafi da gudun fanka. Sai ya nemi izini wurin bayos, ƙaramar manhajar da ke zaune a jikin bod, babban faifan da ake jona duk kayan ciki a kansa, tun daga masana'anta. Oga yakan ce kenel ɗan haya ne, bayos kuwa mai gadin gida, in ya ce a'a, to yana da dalili. Ni kuma Allah ya yi ni da gaggawa, in na ga na'ura tana jan ƙafa sai in hau matsa mata. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Kai, bar ta ta sha iska."

Da Allah ya yi masa rasuwa, bayan matarsa Hajiya Bilki ta gama takaba, sai ga ta a shagona da rana tsaka, rungume da laftof ɗinsa a cikin mayafi. Ta ce a jinyarsa ta ƙarshe ya riƙa ɗaukar muryarsa yana karatun Alƙur'ani, wani lokacin yana ta hira da ita, kuma babu kwafin a ko'ina sai nan ciki. Matsalar ita ce da an kunna, kafin a kwafi komai, sai ta yi zafi ta mutu.

Na buɗe na duba. Ma'ajiyar bayanan a manne take da bod, kuma Oga ya kulle ta da makullin da ke cikin bod ɗin, wato in bod ya ƙone, muryar ta tafi ke nan har abada. Na share ƙura, na sauya fanka, na shafa sabon man sanyaya, duk a banza. Da zafi ya ɗan hau, bayos zai yanke wuta. Na umarci kenel ya roƙi a ɗaga iyakar zafin, bayos ya ƙi. Na sake, ya sake ƙi.

Na ce, "Hajiya, akwai hanyar da zan sa kenel ya tsallake shi, amma akwai haɗari. Gara mu jira in samo wanda ya fi ni."

Ta ce, "Ƙanena, abeg, na gaji da jira. Har Oshodi na kai ta, an ce ba za a iya ba. Jo, don Allah, ka yi kawai, ko me ya faru ni na sa ka."

To, kun ji da bakinta ta faɗa. Na tsallake shi. Na kunna, na soma kwafa zuwa filashi, layin kwafin ya fara tafiya, har Hajiya ta gyara zama tana murmushi.

Nan fa abin ya soma. Fankar da na cire wa ikon bayos, wadda na sa ta a gudu ɗaya ba sauyi, sai ta riƙa sauka tana tashi kamar numfashin mai ciwo. Na duba, abin da na tsallake ya dawo da kansa, iyakar zafin ta koma inda Oga ya ajiye ta. Na ce ikon Allah! Na sake cirewa, ta sake dawowa, ina kallo da idona, hannuna ba ya kan komai. Taurin kai ya motsa, na cire a karo na gaba na kulle ƙofar gaba ɗaya.

Sai muka ji gyaran murya. Jama'a, sifikar laftof ɗin tana gefe a cikin murfin gwangwani tare da sukurori, ni na zare wayarta tun da na buɗe na'urar. Amma daga cikin bod ɗin nan, a sarari, ba da ƙarfi ba, muryar ta ce, "Kai, bar ta ta sha iska."

Na rantse da Allah na ji, kuma na gane mai ita. Na miƙa hannu zan kashe, sai na ga layin kwafin ya kusa rabi, na ce bari in ƙara ɗan lokaci kaɗan. Ɗan lokacin nan ne. Wari ya tashi, allo ya yi baƙi. Abin da ya shiga filashi kuwa a kulle yake, ba ya buɗuwa sai da bod ɗin da ya ƙone.

Na kasa ɗaga kai. Ina jira ta yi kuka ko ta zage ni, da ma ta yi, da na fi samun sauƙi. Sai ta share ido ta ce, "Na ji shi. Allah ya yi maka albarka, ƙanena, ka sa na ji shi."

Na yi mata bayani cewa komai ya tafi, ta ce ta gane, amma ba ta gane ba. Har na bar Agege, duk inda muka haɗu, ko a bakin motar haya ta danfo ne, sai ta tsayar da ni ta ce, "Yaushe za ka sake sa ya yi magana?" Ni kuwa sai in ce ana kan ƙoƙari.

Na tambayi masana da yawa, kowa ya ce bod ba ya magana. Ban musa ba. Ni dai shawarata, in na'ura ta ƙi abu, ku tsaya ku tambayi kanku wa ya saita ta haka, kuma don me. Laftof ɗin tana nan a ƙasan akwatina, ban taɓa sa mata caji ba, amma in na taɓa ta da ɗumi nake jin ta.