Littafin da Na Karanta wa Inna a Bolari

Shekarar da aka tura ni aiki Gombe, kuɗin mai sun shigo, kowa sai sayen babur da rediyo yake yi. Ni kuwa ɗaki guda na kama a Bolari, bayan tashar mota, ina koyarwa a wata firamare. Iyayena suna can gindin duwatsunmu na ƙasar Tangale, ban san kowa a garin ba. In na taso daga makaranta sai in zauna bakin ƙofa, ina jin ihun 'yan kamasho har rana ta yi sanyi.

A kwabar ofishin hedimasta na tsinci littafin, bangonsa ya yage. Labarin wata aljana ne da ke zaune a rijiyar wani birni zamanin yaƙe-yaƙe. Ta kamu da son wani maƙeri, duk ranar da mayaƙa za su fita sai ta gaya masa waɗanda ba za su dawo ba. Cikin kwana biyu na kai rabinsa, har tuwona ya ƙone.

Sai na zo inda mayaƙan suka hau duwatsu kamun bayi. Mutanen dutsen ba su da suna a littafin, ba su da magana, sai ihu da kibiya. Haka aka tafi da ƙanwar kakata a duwatsunmu, ta fita tsinkar ganyen miya. Na rufe littafin na cusa ƙarƙashin katifa. Washegari na ciro shi, don ina son sanin ƙarshen maƙerin, ina karantawa ina jin haushin kaina.

Mai gidan da nake haya tsohuwar Bafulatana ce, mijinta ya rasu, shanunsu sun ƙare. Inna muke ce mata. Ran Asabar da hantsi ta same ni da littafin, tana riƙe da faifan gero.

"Malama, me wannan takarda ta yi miki kike harararta?"

Na ce ta zauna in karanta mata. Aljanar ba ta ba ta mamaki ba. "Akwai irinta a rijiyar rugarmu," in ji ta, "sai dai tamu ba ta kula maza." Na yi dariya. Rabona da dariya tun zuwana garin.

Da na kai wurin hawan dutsen, na dakata da karatun. Inna ta daina tsintar geron. Na ba ta labarin ƙanwar kakata. 

"Kakana yana da doki, Malama," ta ce. "Ban san inda ya je da shi ba."

Ba mu sake karatu tare ba. Ni kaɗai na ƙarasa. Maƙerin ya mutu, aljanar ta bar rijiyar, na sha kuka. Mutanen dutse kuwa ba a ƙara ambatarsu ba.

Da yammacin Asabar ɗin nan Inna ta turo mini ƙwaryar kindirmo ta ƙarƙashin labule, ta juya. Kafin damina ɗanta ya zo da mota ya tafi da ita. Wani makanike ya kama ɗakinta, mutum ne da bai cika magana ba.