Huda Takwas a Allon Mirjam

Shekara talatin da huɗu Gebhard Juen ya yi yana ɗaura maƙalin takalmi a kan allunan sulun ƙanƙara, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin shagon ƙaninsa, cikin kwarin Paznaun. Hannunsa ba ya rawa, bakinsa kuma ba ya shiru. Da ƙuruciyarsa ɗan tseren sulu ne, har gwiwa ta hana shi, sai ya juye duk burinsa kan 'yarsa Mirjam. Tun tana shekara biyar yake tsayawa a gangaren dutse da agogo a hannu yana yi mata gyara. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Son da yake mata ne bai iya fito da shi ba sai ta hanyar faɗa. Tana cika sha shida ta ajiye tseren, daga baya ta koma birnin Innsbruck, shekara tara ba su ƙara hawa dutse tare ba.

Wata Alhamis da rana sai ga ta da sabbin alluna a kafaɗa, faffaɗa, baki da gindi duk a lanƙwashe sama. Irin na masu wasa ne a sabuwar dusar ƙanƙara mai laushi kamar gari, masu tsalle su juya su sauka da baya.

Gebhard ya tsayar da ɗaya, ya danna tsakiyarsa da tafin hannu.

"Wannan allo ne ko ƙyauren ɗakin girki? Ji laushi kamar burodi."

"Wata biyu na yi ina gwadawa kafin na zaɓe shi, Baba. Haka nake son shi." Ta nuna masa wani ɗan layi a tsakiyar allon. "A nan za ka ɗaura. Tsakiya, ka ji? Ba can baya ba irin naku na da. An ce ƙanƙara za ta zubo, gobe in kana so mu hau tare."

Ta haura sama gaida baffanta. Shi kuwa tsoho farin ciki ya cika masa ciki har ya rasa inda zai sa kansa. Ya ɗaure allo a kan teburi, ya ɗora magwaji, ƙarfen da ke saita inda za a huda, yana ta lissafin wane gangare zai kai ta. Injin huda ya yi kuka sau takwas. Sai da ya hure garin katakon sannan ya duba: hannu ya bi inda ya saba, faɗin yatsa huɗu bayan layin da ta nuna.

Ya zauna a kan akwati. Huda ba ta goguwa. Zai iya yi wa ɗayan haka ya ɗaura ya yi shiru, wataƙila sai ta hau za ta gane. Ya daɗe yana kallon allo na biyun, amma bai taɓa shi ba.

Da ta sauko ya miƙa mata allon ba tare da ya ɗago ba. Ta shafa hudar da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, kuskure ne ko da gangan?"

"Wallahi ban sani ba, Mirjam. Na ji abin da kika ce. Hannun ne bai ji ba."

Tsoro ya kama shi, tsoron ta saɓa allunanta ta kama hanyar tasha.

"Za su toshu?"

"Za su toshu. Amma tabon yana nan."

"To toshe. Ni zan riƙe magwajin."

Haka aka yi. Ya cusa matosai da gam, ta dafe magwaji a kan layinta, ya huda inda ta ce, bai tofa ko kalma ba. Ƙaninsa da ya leƙo ya ce shi dai bai taɓa ganin Gebhard yana aiki baki a rufe ba, ko a kira likita ne.

Washegari da safe motar igiya mai rataye a sama ta sauke su a ƙolin dutse. Ƙanƙara ta kai gwiwa, babu sawun kowa. Mirjam ta maƙala takalmanta ta tsaya, kafaɗunta a ɗage, tana jiran a fara yi mata bayani. Gebhard ya buɗe baki, ya rufe. Ya gyara safar hannunsa.

"Ta ina za mu bi?" ya tambaye ta.